Agogon Baba Mumuni

Rumfata mai ruwan ɗorawa tana bakin titin Aboabo,
nan nake tura wa mutane kuɗi ta waya.
Ran Laraba na aika sidi ɗari huɗu na wata dattijuwa
zuwa lambar da ba ita ba.
Bakwai na gani, ɗaya na danna.
Ta gyara ɗaurin zane, ta dube ni, ba ta zage ni ba.
Da ma ta zage ni.

Kaina ya zama Kejetiya ran jajibere,
kowa na kira, ba mai jin kowa.

A gefena akwai tebur mai ƙafa ɗaya gajera,
an tokare ta da murfin kwalba.
Baba Mumuni ke nan, gilashi maƙale a ido guda,
yana ɗaukar kusa da hantsaki,
kusar da ba ta kai ƙwayar gero ba,
motoci na hon, masu talla na ihu,
hannunsa ko gezau.
Shekara saba'in da huɗu.

Bai ɗago ba ya ce, ƙarfe nawa ka kwanta jiya?
Na ce biyu. Ko uku.
Me ka ci da safe?
Na yi shiru, wayata ta yi ƙara a madadina.

Ya ce, kada ka ɗauka haka aka haife ni.
Shekarar da Adisa ta rasu
na bar barci, na bar tuwo, na bar zaman majalisa.
Wata rana na tsaya a mahaɗar Asawase da leda a hannu
na rasa hanyar gidan da na gina da gumina.
Ɗan makaranta ne ya kai ni ƙofa.
Likita ta auna ni, ta ba ni ƙwaya kaɗan,
ta ce sauran maganin yana ƙafarka da matashin kanka.

Tun daga nan, in na sallame asuba
ba na komawa shimfiɗa.
In taka har Alabar in dawo, ko ana yayyafi,
in sha koko wurin Memuna, ƙosai uku, ba huɗu ba.
La'asar ta dara ce da Opanin Boakye,
yana cinye ni, yana koya mini karin maganar Asante,
kullum ɗaya, in kwana ina juya ta.
Bayan lisha kuwa ko sarki ne ya aiko,
ya jira gari ya waye.

Ya ɗauko wani tsohon agogo ya kara mini a kunne.
Ji nan. Wannan ba ya son a murɗa shi da ƙarfi sau ɗaya a wata.
Kaɗan yake so, kowace safiya, a lokaci guda.
Ka manta da shi kwana biyu, ya manta da kai.

Na gwada.
Daren farko na sa wayar cikin tukunya na rufe,
na kwanta ina jin ta kamar ƙaiƙayi a tsakiyar baya.
Dare na huɗu na buɗe tukunyar.
Da safe na faɗa masa, ya yi dariya har gilashin ya faɗo:
to, yau sai a sake murɗawa.

Wata biyu ke nan.
Ban zama wani malami ba,
har yanzu nakan nemi makulli yana hannuna.
Amma kasuwar da ke kaina ta fara tashi da wuri,
akan share ta kafin asuba.

Jiya dattijuwar nan ta dawo.
Ta miƙo takarda, ta ƙi sakin gefenta.
Na karanta lambar a bayyane, sau biyu, a hankali,
bakwai a wurin bakwai.
Ta saki takardar.

A gefena Baba Mumuni bai ɗago ba,
yana sauraron wani ƙaramin abu
da ya fara bugawa a tafin hannunsa.